Kara biyu zuwa uku kawai nake sha a rana, amma na kasa bari

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, a taƙaice ga abin da ya ce: yana shan taba sigari amma ba can ba, kara biyu ko uku a rana, wani sa'in ma sai ya yi kwana biyu ko uku ko tuna ta bai yi ba, bai taɓa sayen kwali ba sai dai kara-kara, ya sha yin niyyar bari amma bayan 'yan kwanaki sai ya ga ya koma. Yana so ya ji ko an yi bincike a kan irinsu masu sha jefi-jefi, kuma wai zaman shawara da gyaran ɗabi'a da ake faɗa yana musu aiki ne ko sai an haɗa da magani.

To Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wannan tambayar ta zama silar rabuwarka da ita. Aikina kenan zama da masu son barin taba, kuma gaskiya irinka sun fi tsaya min a rai fiye da mai shanye kwali guda a rana, saboda shi mai kwali kowa ya san yana cikin matsala har shi kansa, kai kuwa kowa ce maka yake ai naka mai sauƙi ne ranar da ka ga dama za ka ajiye, kai ma ka yarda da hakan, sai shekara ta zagayo kana nan inda kake.

Bincike an yi, amma a makare. Shekaru da yawa in za a gwada wani magani ko wata dabara ta barin taba a Amurka ko Ingila, sharaɗin shiga shi ne mutum ya zama yana shan aƙalla kara 10 a rana, wanda bai kai ba sai a ce ya koma gida, har ta kai jagorar likitocin Amurka ta shekarar 2008 ta saka masu sha kaɗan cikin rukunin mutanen da ta ce babu isasshiyar hujja a kan ba su magani. Sai daga baya da aka lura masu shan kaɗan suna ta ƙaruwa a cikin mashaya aka fara waiwayarsu. Mu kuma a nan dama can ba baƙon abu ba ne, ƙididdigar taba da aka yi a Najeriya a 2012 ta nuna kashi 3.9 cikin 100 na manya suna shan taba amma masu shan ta kullum kashi 2.9 ne, ka ga kenan kusan mutum ɗaya cikin mashaya huɗu irinka ne da ba kullum ba.

Kafin maganar dabara bari in cire maka wani abu daga zuciya, domin in yana nan babu dabarar da za ta zauna. Lissafin da kowa ke yi shi ne, in mai kara 20 yana da haɗari kaza to ni mai kara 2 nawa kashi ɗaya cikin goma ne. Jikin ɗan Adam ba haka yake lissafi ba, musamman zuciya da jijiyoyin jini. A ƙasar Nowe wasu masana biyu, Bjartveit da Tverdal, sun bibiyi mutum kusan dubu 43 tun daga tsakiyar shekarun 1970 har zuwa 2002, sakamakon ya fito a 2005, masu shan kara 1 zuwa 4 a rana haɗarin mutuwarsu ta ciwon zuciya ya kusa ninka na wanda bai taɓa sha ba sau uku, maza da mata, kansar huhu kuma kusan sau uku a maza sau biyar a mata. A 2018 Farfesa Allan Hackshaw na Landan da abokan aikinsa suka tattara bincike 141 wuri ɗaya, suka ga namijin da ke shan kara ɗaya tak a rana ya riga ya kwashi kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciyar da mai kara 20 ke ɗauke da shi, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ma ya yi kusa da haka. Dalili kuwa hayaƙi kaɗan ya isa ya sa jini saurin daskarewa ya kuma fusata bangon jijiya daga ciki, ba sai an tara da yawa ba. Har waɗanda ba sa kai kara ɗaya a rana an duba su, wani bincike a Amurka a kan dattawa sama da dubu 290 ya nuna waɗanda suka yi rayuwarsu suna shan ƙasa da kara ɗaya a rana haɗarin mutuwarsu a tsawon shekarun binciken ya fi na marasa sha da kashi 64 cikin 100. Ba don in razana ka nake kawo wannan ba, so nake ka daina ganin abin a matsayin wanda zai iya jira.

To me ya sa mutumin da zai iya kwana uku bai sha ba ya kasa bari gaba ɗaya? A nan gizo ke saƙar, kuma wanda ya fi kowa daɗewa yana tonon wannan tambayar shi ne Farfesa Saul Shiffman na jami'ar Pittsburgh, tun ƙarshen shekarun 1980. Bayanin da aka saba yi a kan jarabar taba shi ne nikotin, sinadarin da ke cikinta, yana raguwa da rabi a jini cikin kamar awa biyu, in ya yi ƙasa sai mashayi ya fara jin ba daidai ba, ga saurin fushi ga kasa natsuwa ga ciwon kai, sai ya kunna wata don ya dawo daidai, shi ya sa za ka ga mai sha sosai daga tashinsa barci ita ce farko. Wannan bayanin bai kama ka ba. Kai da ka kwana biyu ba ka sha ba nikotin ya riga ya fita daga jininka kuma lafiyarka ƙalau kana harkarka. Shiffman ya hana irinku taba na kwanaki ya gwada, bai ga wannan wahalar a jikinsu ba kamar yadda ake gani a masu sha sosai. Sai ya raba wa mutane 'yar na'ura ta aljihu, duk lokacin da za su kunna taba su rubuta inda suke, da wa suke, me suke yi, kuma na'urar takan yi ƙara a wasu lokutan da ba sa sha ta yi musu tambayoyin nan dai. Abin da ya fito fili shi ne mai sha kullum yana sha a ko'ina a kowane hali, amma mai sha jefi-jefi tabarsa a ɗaure take da wasu wurare da wasu mutane da wasu lokuta ƙalilan, in yana waje ba a gida ba, in yana cikin abokai, in wani na sha a gabansa, in ana shan giya ga masu shan ta. A wajen waɗannan wuraren ko tuna ta ba ya yi, a cikinsu kuma da ƙyar ya tsallake.

Kamar dai yadda za ka shiga ɗaki hannunka ya tafi kan makunnin fitila alhali ka san tun safe aka ɗauke wuta, ba shawara ka yanke ba, wurin ne ya ja hannun.

Kar kuma ka ɗauka nikotin ba shi da hannu a ciki. Wani bincike da aka yi da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a Los Angeles a 2006 ya nuna kara ɗaya ya isa ya cike kusan kashi 88 cikin 100 na manyan wuraren da nikotin ke maƙalewa a ƙwaƙwalwa, zuƙa ɗaya ko biyu ma tana cike rabi. Ma'ana duk sanda ka sha a wajen mai shayi ƙwaƙwalwarka ta samu cikakken lada, kuma ta rubuta a ina ta same shi da ƙarfe nawa da su wa. Haka ake ta maimaitawa har wurin da kansa ya zama shi ke kiran ka. Shi ya sa alƙaluman ba su nuna wani sauƙin kirki ba, Shiffman da Dakta Hilary Tindle sun duba bayanan Amurkawa a 2011, masu sha jefi-jefi sun fi masu sha kullum yawan yunƙurin bari, amma waɗanda suka iya kai wata uku ba su sha ba kashi 18 zuwa 27 ne kawai cikin 100, masu sha kullum kuma kashi 13. Bambancin bai kai yadda mutane ke zato ba. Don haka komawar da kake yi ba lalacewar zuciya ba ce, mafi yawan irinka haka suke fama.

Yanzu ga ainihin tambayarka, shawara ko magani. Binciken da nake yawan kawowa shi ne wanda Dakta Jasjit Ahluwalia da tawagarsa suka yi a birnin Kansas, ya fito a 2006. Sun ɗauki baƙaƙen fatar Amurka 755 masu shan kara 10 ko ƙasa da haka a rana, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su cingam mai nikotin wasu aka ba su cingam na bogi da babu komai a ciki, sannan a ɓangaren shawara ma aka raba su biyu. Kashi ɗaya aka yi musu hira irin ta lallami, wadda mai ba da shawara ba ya ce maka yi kaza bar kaza, tambayoyi yake maka har kai da bakinka ka fito da dalilinka na son bari. Ɗaya kashin aka yi musu kai tsaye, ga illar da take maka, ga shawarata ka bari, zo mu zauna mu tsara yadda za ka yi. Bayan wata shida aka gwada yawunsu don kar wani ya faɗi abin da ba haka ba. Cingam mai nikotin kashi 14.2 suka bari, na bogi kashi 11.1, tazarar da masana suka ce ba ta isa a ce maganin ne ya yi aiki ba. Amma a ɓangaren shawara, masu kai tsaye kashi 16.7, masu lallami kashi 8.5. Kusan ninki biyu kenan. Su kansu masu binciken ba haka suka yi tsammani ba, bayanin da ya fi zama shi ne mutanen da suka kawo kansu dama sun riga sun so bari, ba neman a shawo kansu suke ba, hanya suke nema. Ni ma abin da nake gani kenan a wajen aiki, wanda ya zo da ƙafarsa in ka tsaya tambayarsa yadda yake ji game da taba ɓata masa lokaci kake, tsari yake so.

Shiffman shi ma ya gwada cingam ɗin a kan masu sha ba kullum ba su 369, sakamakon ya fito a 2020, aka ce su tauna a lokacin da kwaɗayin ya taso ko suka san za su shiga wurin da suka saba sha, kowa kuma an yi masa zaman shawara. Bayan wata shida babu bambancin a zo a gani tsakanin cingam na gaske da na bogi, kuma duka ɓangarorin biyu ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Na faɗa maka wannan ne don ka san ba zan sayar maka da abin da babu ba, alƙaluman barin taba a yunƙuri guda ƙanana ne ko da wace dabara, mafi yawan waɗanda suka rabu da ita sai da suka gwada ba sau ɗaya ba, kuma kowane yunƙuri da aka yi da tsari ya fi wanda aka yi da niyya zalla.

To menene tsarin? Abu na farko da nake sa mutum ya yi, kuma wallahi shi ne wanda aka fi rainawa, shi ne kar ya bari tukuna, ya yi sati ɗaya ko biyu yana rubuta kowane kara kafin ya kunna, a waya ko a 'yar takarda a aljihu. Ba dogon rubutu ba, kamar haka: Talata, 8:40 na dare, wajen mai shayi, ni da abokai biyu, bayan na ci Indomie, kwaɗayin ya kai 7 cikin 10, ni na saya. Laraba babu. Alhamis, 2:15, bayan shago, ni kaɗai, bayan mun yi sa-in-sa da maigida, 9 cikin 10. Ka rubuta har da wanda aka miƙo maka ka yi zuƙa biyu ka mayar, domin shi ne wanda mutane ba sa ƙirgawa. In ka zauna ka karanta bayan sati biyu za ka ga abin da kake cewa "haka kawai nake sha" ashe wuri uku ne ko huɗu suke ta maimaita kansu, kuma sau da yawa adadin ya fi wanda kake faɗa. Mai kwali guda rana gaba ɗaya ce abokiyar gabarsa, kai kuwa wataƙila awa ɗaya ce da daddare da minti goma bayan azahar, wannan shi ne sauƙin da kake da shi na gaskiya, kuma babba ne in ka yi amfani da shi.

Daga nan sai a bi wuraren ɗaya bayan ɗaya, kowanne a yanke masa hukunci tun kafin lokacinsa ya zo. Wani masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe, Peter Gollwitzer, shi ya yi fice a kan wannan, ya nuna niyya irin ta "zan daina" ba ta da ƙarfi kamar niyya irin ta "in kaza ya faru zan yi kaza", kuma Christopher Armitage a Ingila ya gwada ta a kan mashaya taba ta taimaka. Dalili shi ne a lokacin da kwaɗayi ya taso ba lokacin tunani ba ne, in ba ka da amsa a shirye tsohuwar amsar ce za ta fito. Sai ka rubuta da hannunka: in na gama cin abincin dare zan tashi nan take in yi aswaki in taka zuwa masallaci ko bakin titi in dawo. In wani ya miƙo min zan ce na gode na daina, ba zan tsaya bayani ba. In raina ya ɓaci a shago zan fita in sha ruwa in kira wane. Ka lura na ce "na daina", kar ka ce "ina ƙoƙarin dainawa", domin mai miƙo maka yana jin ta biyun zai ce to ɗauki wannan ta ƙarshe. Tafiyar da na ambata ma ba cika baki ba ce, an yi gwaje-gwaje da dama a Ingila da suka nuna tafiya da sauri ta minti 10 zuwa 15 tana rage kwaɗayin taba nan take. Shi kuma kwaɗayin kansa ba ya daɗewa, yakan hau ya kai ƙololuwa ya sauka cikin 'yan mintuna ko ka sha ko ba ka sha ba, kuma duk sanda ya sauka ba ka sha ba igiyar da ta ɗaure wurin da taba ta ɗan saki.

Akwai abin da ya shafe mu nan gida wanda turawan ba su cika fama da shi ba, wato sayar da kara-kara. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta haramta shi, ta ce sai dai kwali, amma kowa ya san abin da ke faruwa a kan tebur. Ga kwali a buɗe, ga laita an ɗaure ta da zare a ƙafar tebur, ga TomTom a gefe na kashe wari, ka miƙa canjin da ya rage a aljihunka ko ma ka ce a rubuta, cikin minti biyar an gama ba ka ɗauki komai zuwa gida ba. Bature mai son komawa sai ya je shago ya sayi kwali guda da tsada, wannan kaɗai yana ba shi lokacin yin tunani, kai kuwa babu wannan katangar sai ka gina ta da kanka. Ka canza hanyar da kake bi in tana wucewa ta gaban teburin, ka biya bashin da ke kanka a wurin ka rufe littafin, in kuna mutunci da mai teburin ka gaya masa a fili na daina ko na zo na tambaya kar ka ba ni. Na ga wanda wannan maganar kaɗai ta riƙe shi, don kunyar komawa ya tambaya bayan ya faɗa da bakinsa.

Majalisa ita ce mai wuya, kuma ba zan ce ka yar da abokanka ba, ba shawara ce da mutum zai iya bi ba. Abin da nake cewa shi ne sati biyu zuwa huɗu na farko ka ɗauke ƙafa daga zaman da ake busawa a cikinsa, gidan kallon ƙwallo ne ko wajen ataya ko bencin mai shayi, in ya so ka je ku gaisa a tsaye ka wuce. Bayan nan ka koma da shirinka, ka zauna nesa da mai sha, hannunka da wani abu, kuma ka san ƙarfe nawa za ka tashi. In akwai wanda ku biyu za ku bari tare to ka samu babban jari. Christakis da Fowler sun bibiyi mutum sama da dubu 12 na garin Framingham a Amurka na tsawon shekara 32, suka ga mutane rukuni-rukuni suke barin taba, in abokinka ya bari yiwuwar ka ci gaba da sha tana raguwa da kashi 36 cikin 100, in mata ko miji ne kashi 67. Sannan kar a ce an bar sigari an koma shisha ranar Asabar, taba ce ita ma da nikotin ɗinta, ga hayaƙin gawayi a kai.

Sai rana. Ka sa rana takamaimai cikin sati biyu masu zuwa, ka gaya wa mutum ɗaya ko biyu da kake jin nauyinsu. Maganar a rage a hankali ba ta da ma'ana a wajenka, mai kara biyu me zai rage, ragewar ce ma tarkon da kake ciki tun farko. Daga wannan ranar ƙa'ida ɗaya ce, wadda cibiyoyin barin taba na Ingila suke sa mutum ya faɗa da bakinsa: ko zuƙa ɗaya babu. Ga mai sha jefi-jefi wannan ƙa'idar ta fi muhimmanci fiye da kowa, saboda shi mai kwali in ya sha kara ɗaya ya san ya karya, kai kuwa in ka sha ɗaya a wajen biki zuciyarka za ta ce ai ba komai ɗaya ce, alhali ɗaya ɗin ita ce duk abin da kake yi dama. Bincike ya daɗe da nuna cewa wanda ya sha ko kaɗan a sati biyun farko shi ya fi komawa gaba ɗaya.

In kuma ta faru ka zame, kar ka ce shikenan na lalace bari in ci gaba sai bayan sallah in sake. Marigayi Alan Marlatt na jami'ar Washington ya yi rubutu sosai a kan wannan tun shekarun 1980, cewa ba karan da aka sha ne ke mayar da mutum ba, abin da ya gaya wa kansa bayan ya sha ne. Ka ɗauko takardarka ka rubuta a ina, da wa, me ya faru kafin nan, za ka ga ko dai wuri ne da ba ka yi masa shiri ba ko shirin bai yi ƙarfi ba, ka gyara a ranar ka ci gaba, ba sai wata sabuwar rana ba. Da yake na ambaci sallah, mutane da yawa suna cewa za su bari da azumi, lokaci ne mai kyau ƙwarai, amma kai ka sani yinin ba shi ne matsalarka ba tunda dama kana iya yini ba ka sha ba, shirinka ya zama na bayan buɗa baki da zaman bayan asham, da kuma satin sallah.

Wani abu da nake so ka ajiye, ka daina cewa kai ba mashayi ba ne. Da yawa daga masu sha jefi-jefi in likita ya tambaye su kana shan taba sai su ce a'a kuma a ransu ba ƙarya suka yi ba, sai a wuce ba a ba su shawarar komai ba. 'Yan'uwana ma'aikatan lafiya da ke karanta wannan, ku canza tambayar, ku ce a cikin kwana 30 da suka wuce ka sha ko da zuƙa ɗaya? Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ta ce shawarar daƙiƙa 30 zuwa minti 3 ma tana da amfani in ana yin ta ga kowa. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin gwaji a San Francisco da ya nuna alamar masu sha jefi-jefi sun fi motsawa in aka yi musu maganar illar hayaƙinsu ga na kusa da su fiye da illarsa ga kansu, ƙarami ne ba a gina hukunci a kansa ba, amma ya yi daidai da abin da nake gani, mutum zai ce shi lafiyarsa ƙalau amma in ka ambaci 'yarsa da yake ɗauka da rigar da ya sha taba a ciki sai ya yi shiru.

Bibiya tana da tasiri sosai, kar ka yi shi kai kaɗai a ɓoye. In akwai ma'aikacin lafiya ko mai ba da shawara kusa da kai ku yi alƙawarin haɗuwa ko waya sau ɗaya a sati na wata guda, daga nan a riƙa tazara. In babu, ka samu wani babba da kake jin kunyarsa ya riƙa tambayarka duk Juma'a. Ko saƙon waya yana aiki, a Ingila an gwada tura saƙonnin ƙarfafa gwiwa ga mutum 5,800 a wani bincike na 2011, bayan wata shida kashi 10.7 na masu samun saƙon sun bari, waɗanda ba a tura musu irinsa ba kashi 4.9.

Maganar magani kuma ban rufe ta ba, sai dai a bambanta. Ka duba takardarka, in ka ga kusan kullum kake sha, ko kana kunna ta farko cikin rabin awa da tashi daga barci, ko in ka kwana biyu babu sai ka ji kana faɗa da kowa barci ya ƙi, to jikinka ya kamu fiye da yadda adadin ke nunawa. Ga irin wannan akwai ƙwayar barenikilin, wadda aka fi sani da Champix, tawagar Kansas ɗin nan ƙarƙashin Dakta Lisa Sanderson Cox ta gwada ta a kan mutum 500 masu sha kullum, kusan rabinsu masu kara 10 ko ƙasa, kowa da zaman shawara, sakamakon 2022 ya nuna kashi 15.7 sun bari bayan wata shida, masu ƙwayar bogi kashi 6.5, kuma ta yi aiki har a masu sha kaɗan ɗin. Ana fara ta sati guda kafin ranar bari a sha na sati 12, takan sa tashin zuciya da mafarkai barkatai, likita ne zai rubuta bayan ya duba ka musamman in akwai ciwon ƙoda ko matsalar ƙwaƙwalwa, ba a kemis za ka yanke wa kanka ba. Amma yadda ka kwatanta kanka, mai kwana uku bai tuna ba, ni da takarda da biro zan fara da kai.

Ko da ka bari ko ba ka kai ga bari ba tukuna, ka je a auna hawan jininka, kuma in kana jin nauyi ko ciwo a ƙirji in ka yi tafiya ko ka hau bene, ko tari ya wuce sati biyu zuwa uku, ko ka ga jini a majina, ko kana ramewa ba dalili, kar ka jira, ka je asibiti a satin nan, in an tambaye ka taba ka faɗi adadin da ke cikin takardarka da shekarun da ka yi kana sha.